Lazar na Sabiya da coci-cocin da ya gina: don Allah ya yi ko don sarauta?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda makon nan muna kan shigar Daular Usmaniyya Turai kuma kowa Sarki Murad yake ambata, bari mu ɗan leƙa ɗaya ɓangaren. Wanda ya ja dagar Sabiyawa a yaƙin Kosovo na 1389 sunansa Lazar, kuma shi fa ba ɗan gidan sarauta ba ne. An haife shi wajen 1329 kusa da Novo Brdo, ubansa Pribats mai kula da takardun fada ne a wajen Sarki Dushan na Sabiya, shi ma Lazar ɗin a fadar ya taso, muƙaminsa ma na kula da teburin cin abincin sarki ne. Dushan ya mutu 1355, ɗansa Urosh ya kasa riƙe ƙasar, manyan hakimai kowa ya yanki rabonsa ya zauna a kai, Urosh ɗin ya mutu 1371 bai bar ɗa ba, shi ke nan gidan Nemanya da suka yi shekara wajen 200 suna mulki ya ƙare. A cikin wannan rububin ne Lazar ya fi kowa ƙarfi, ya kafa hedikwatarsa a Krushevats, sai kuma ya kama gine-ginen coci ba ji ba gani. Lazaritsa a cikin garin nasa, Ravanitsa wadda ita ce babbar, Gornyak, ga abin da ya riƙa aikawa Dutsen Atos a ƙasar Girka, matattarar ruhubanawa, wato Kiristocin da ke keɓe kansu don ibada. Tambayata ita ce, mutumin da ke tsakiyar yaƙi da maƙwabta ga Turkawa na matsowa, me ya kai shi zuba dukiya a gini haka?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ai Baban Ummi ka ba da amsa da kanka tun kafin ka yi tambayar. Mutum ba jinin sarauta ba, yana son kujerar, to ina zai je in ba wajen malaman addini ba? Irin attajirin nan ne da ba a taɓa ganinsa sahun gaba ba sai zaɓe ya matso ka ga ya kafa tubalin masallacin Juma'a a unguwa. Ruwa ba ya tsami banza

Ɗan Filato:
Haba Ɗan Fagge, kai komai sai ka kai shi siyasa. Mutum ya gina wajen da za a binne shi, ya tara masu ibada su yi ta yi masa addu'a dare da rana, wannan tunanin lahira ne fa. Mutanen wancan zamanin tsoron hukunci suke da gaske, ba irin namu ba

Ɗan Fagge:
Tsoron hukunci? Tambayi Nikola Altomanovich, babban hakimin da ke maƙwabtaka da shi. A 1373 Lazar ya haɗa kai da Tvrtko na Bosniya da dakarun Hungari suka murƙushe shi, aka kama shi a Uzhitse aka ƙwaƙule masa idanu, aka raba ƙasarsa. Saurayi ne fa ko shekara 30 bai kai ba. Bayan shekara biyu kuma sai ga harsashin coci, to wanne za mu ɗauka

Malam Na Tudun Wada:
Ku dakata yarana, duk kun taɓo gaskiya amma akwai abin da in ba a sa shi a lissafi ba ba za a gane lamarin ba. A ƙasar Sabiya ta wancan lokacin gina gidan ruhubanawa shi ne alamar kai mai mulki ne, tun daga tushe haka gidan Nemanya suka ɗora ta. Shi Stefan Nemanya ya gina Studenitsa, ya sauka daga mulki ya shiga ruhubananci, shi da ɗansa Sava suka raya Hilandar a Dutsen Atos a 1198. Milutin ya gina Grachanitsa, Stefan na Dechani ya gina Dechani, Dushan ya gina nasa a kusa da Prizren. Kusan kowanne ya tanadi inda za a kwantar da shi a cikin ginin da ya yi, kuma da yawansu cocin ta ɗaga su zuwa waliyyai bayan sun mutu. To wanda duk ya zo yana cewa ni ne magajinsu, abu na farko da za a duba shi ne ina naka ginin. Lazar ya san wannan sarai tunda a fadar ya girma.

Sannan ga babbar matsala da ya tarar. A 1346 Dushan ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Skopye, kuma don naɗin ya yiwu sai ya ɗaga shugaban cocin Sabiya zuwa matsayin Fatiriyak, wato ƙololuwar muƙamin shugaban coci, ba tare da yardar babban cocin Kustantiniyya ba. Can suka fusata suka yi musu Allah wadai suka yanke hulɗa da su, aka shafe shekara ashirin da wani abu a haka. Lazar ne ya tsaya aka tura tawaga ƙarƙashin wani dattijon rahibi mai suna Isaiya, a 1375 aka sasanta, har aka yi shelar sulhun a kan kabarin Dushan. Kun ga daga ranar shugabannin cocin suka ɗauke shi nasu

Ɗan Fagge:
Yauwa Malam, ai magana ta fito. Ya biya, sun ba shi rasit

Malam Na Tudun Wada:
Ban ce haka ba Ɗan Fagge, kar ka sa min magana a baki. Cewa na yi abin yana da amfani gare shi. Abu ya yi maka amfani ba shi ke nuna ba ka yi imani da shi ba

Injiniya:
Ni dai kuɗin nake tambaya. Ginin dutse da ƙubbobi a tsakiyar daji, a lokacin da ƙasa ta wargaje, daga ina?

Baban Ummi:
Azurfa Injiniya. Ramukan haƙar azurfa biyu mafi arziki a yankin duk sun faɗo hannunsa, Novo Brdo da Rudnik, shi Rudnik ɗin ma a rikicinsa da Altomanovich ya tabbata nasa. Azurfar Novo Brdo har da zinari gauraye a cikinta shi ya sa take da tsada, masu haƙar asali Jamusawa ne 'yan Saksoni da aka kawo tun ƙarni na 13, masu saye kuma fataken Dubrovnik su kai bakin teku su tsallaka da ita Italiya. Har kuɗi Lazar ya buga da sunansa. Amma ba azurfa kaɗai ba, in an gina gidan sai a rubuta masa takarda a ba shi ƙauyuka sukutum da gonaki da mutanen da ke cikinsu, da kuɗin shiga na kasuwanni, ya zama shi ke ciyar da kansa har abada

Maman Hanan:
Kamar wakafi kenan?

Baban Ummi:
Kusan haka Maman Hanan, tsarin ya yi kama sosai, dukiya a tsare ta don wani aikin addini kuma magada ba su da ikon sayarwa. Bambancin da ya fi damuna shi ne a nan har da manoman ake bayarwa. A dokar Dushan ta 1349 manomi talaka yana yi wa ubangidan ƙasar aiki kwana 2 a kowane mako, kuma ba shi da ikon ya tattara ya bar wajen yadda ya ga dama. To ubangidan ko hakimi ne ko gidan ruhubanawa, gumin dai na manomin ne

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Wato sunan na Lazar, ladan na Lazar, ciwon bayan na talaka

Ɗan Filato:
To amma gidajen nan ba zaman banza ake a ciki ba. Nan ake kwafar littattafai da hannu, nan matafiyi ke kwana, nan ake jinyar marasa lafiya. Kuma ku tuna bayan yaƙin Maritsa na 1371 da Turkawa suka kashe manyan Sabiyawan kudu, Sarki Vukashin da ɗan'uwansa Uglyesha, ruhubanawa da masu ilimi da magina sun yi ta gudowa arewa daga Makedoniya da Bulgeriya da Atos, wa ya karɓe su? Lazar. Gornyak ma saboda irin waɗannan baƙin aka yi shi. Wani tsoho Romil da suke ji da shi a Ravanitsa ya ƙare rayuwarsa. In siyasa ce zalla me ɗan gudun hijira da ba shi da ko takobi zai ƙara masa?

Ɗan Fagge:
Alƙalami zai ƙara masa ɗan'uwa. Ka riƙe wannan maganar za mu dawo kanta

Ɗalibi a Belgired:
Salam. Ina bin muhawarar tun ɗazu, bari na sa baki tunda Allah ya sa na ga wuraren nan da idona, abokan karatu ne suka ja ni. Lazaritsa ƙarama ce wlh, in ka ji sunan za ka zaci wani ƙaton abu ne, tana tsaye a cikin kangon tsohuwar fadar a Krushevats, gefe ga ragowar hasumiya duk ta zube. Amma aikin jikinta ne abin kallo, layin dutse fari sai layin jan bulo sai dutse sai bulo har sama, tagogin kuma an sassaƙa musu dutse zagaye kamar an saƙa shi da zare, ga tsuntsaye da wasu dabbobi masu fukafukai a kewaye da ƙofa. In ka kalli tsarin ginin daga ciki ɓangare uku ne masu lanƙwasa, gaba da dama da hagu, sun ce daga Atos aka ɗauko salon saboda masu waƙar ibada su tsaya a gefe biyu suna amsa wa juna. Wannan salon shi ake ce wa na Morava, sunan kogin yankin.

Ravanitsa kuma tana cikin kwari kusa da garin Chupriya, ƙubba 5, kuma an kewaye ta da ganuwa mai hasumiya 7, yanzu dai saura kango amma za ka gane kaurin bangon. A bangon yamma daga ciki akwai zanensa shi da matarsa Militsa suna riƙe da ɗan ƙaramin samfurin cocin, yaransu biyu Stefan da Vuk na tsaye a ƙasa. Mata masu ibada ne ke riƙe da wajen yanzu. Akwatin gawarsa na nan gaba, mutane na bin layi suna sumbata suna kunna 'yan siraran kyandirori masu ƙamshin zuma, ni dai na tsaya daga baya na yi kallo na fito

Injiniya:
Ganuwa da hasumiya 7? To ai wannan barikin soja ne da coci a tsakiya. Mutumin ya san abin da ke tafe kenan

Ɗalibi a Belgired:
Sosai. Ɗansa Stefan ma da ya tashi gina nasa, Manasiya, tsakanin 1407 da 1418, hasumiya 11 ya yi mata, ita kam har yanzu suna tsaye

Ɗan Usmaniyya:
Ni fa na gaji da yabon mutumin da ya yaƙi musulunci. A yi maganar Murad mana, shi ne ya yi shahada a filin

Admin:
Ɗan Usmaniyya a yi haƙuri, tarihi muke ba wa'azi ba, kuma muna da 'yan'uwa Kirista a nan. Kowa ya faɗi abin da ya sani cikin ladabi

Malam Na Tudun Wada:
Bari in ba shi Murad ɗin tunda shi yake so, don ma akwai abin lura a ciki. Ranar 15 ga Yuni 1389 a tsohuwar kalanda, dukkansu biyu suka mutu a fili ɗaya, Murad wani Basabiye ya soke shi, Lazar aka kama shi aka fille masa kai. Murad kafin nan ya gina masallacinsa da makaranta a samansa a Bursa, unguwar Chekirge, ya tsayar musu da wakafi, kuma can aka kai gawarsa aka binne daura da masallacin, kayan cikinsa ne aka binne a Kosovo inda har yau akwai hubbare. Lazar an fara binne shi a Prishtina, bayan shekara ɗaya zuwa biyu aka tono shi aka kai Ravanitsa. Kowa ya koma gidan da ya gina. To Ɗan Fagge, shi ma Murad ɗin siyasa ce ko kuwa a nan za ka yi sassauci?

Ɗan Fagge:
Hhhh Malam ka kama ni a kwana. Shi ma akwai siyasa mana, sarki ai sarki ne. Allah dai shi ya san zuciya

Ɗan Filato:
To alhamdulillahi, ashe dai ana iya barin wa Allah zuciya

Maman Hanan:
Ku maza kun tsaya kan mazan, ni matar nake so a yi min bayani. An kashe miji, yara ƙanana, ya ta yi?

Baban Ummi:
Militsa ai ita ce ta riƙe gidan. Stefan bai wuce shekara 12 ba lokacin, ga Hungari ta kawo hari daga arewa a shekarar, ta duba ta ga ba za ta iya yaƙi biyu ba sai ta yi mubaya'a ga Bayazid ɗan Murad, za su biya haraji su ba da sojoji, kuma aka ba shi autarsu a cikin 'ya'ya mata, Olivera, ya aura. Ki duba fa, wanda aka kashe ubanta a sansaninsa. Kuma majalisar da ta yanke wannan shawara da shugaban cocin a ciki. Daga baya Militsa ta shiga ruhubananci, ta gina nata gidan Lyubostinya, can aka binne ta. Ita ce ma ake dangantawa da jinin Nemanya ta wajen Vukan ɗan Nemanya, to ta nan ne 'ya'yan suka samu abin da uban bai da shi

Maman Hanan:
Kai, Allah sarki yarinyar. Ita aka yi fansa da ita kenan, amma sunan uban ake ta kira

Ɗan Fagge:
To yanzu mu dawo kan alƙalamin da na ce Ɗan Filato ya riƙe. Mutumin nan a zahiri me ya faru? Ya je yaƙi, an kashe shi, ƙasarsa ta koma biyan haraji, 'yarsa ta tafi gidan abokin gaba, ɗansa ya koma yana yi wa Bayazid yaƙi a Nikopolis 1396 da Ankara 1402. A ko'ina wannan sunansa faɗuwa. Amma cikin 'yan shekaru ruhubanawan da ya ciyar sun zauna sun rubuta cewa ba faɗuwa ya yi ba, zaɓa ya yi, ya bar mulkin duniya ya ɗauki na sama. Fatiriyak Danilo na 3 da kansa ya rubuta, aka ɗaga shi waliyyi, aka sa masa rana a kalanda. Wa ya taɓa cin ribar jari irin wannan?

Ɗan Filato:
Kai kana ganin riba, ni ina ganin mutanen da aka yi wa alheri ba su manta ba. Kuma ba 'yan amshin shata ne kaɗai ba. Yefimiya matar Uglyesha, wadda ita ma mijinta a hannun Turkawa ya mutu, a gidan Lazar ta samu mafaka, ita ta zauna da allura ta ɗinka yabonsa da zaren azurfa mai ruwan zinari a kan jan alharini don a lulluɓe gawarsa, wajen 1402. Ƙyallen na nan a gidan tarihin cocin a Belgired. Mace mai takaba da ta rasa miji ta rasa ɗa, wace kwangila aka ba ta?

Ɗalibi a Belgired:
Kuma ruhubanawan Ravanitsa sun wahala da gawar nan ba kaɗan ba. A 1690 da Sabiyawa suka yi babbar ƙaura zuwa ƙasar Ostiriya bayan yaƙi ya juya, ɗaukarta suka yi suka tafi da ita har Sentandreya kusa da Budapest, daga nan a 1697 suka dawo da ita Vrdnik a tsaunin Frushka Gora, suka ma riƙa kiran wajen Ravanitsa. A 1942 lokacin yaƙin duniya aka gudu da ita Belgired, sai 1989 ta koma inda ya gina. Shekara kusan 300 tana yawo

Baban Ummi:
1989 ɗin nan kuma ita ce shekarar cika 600 da yaƙin, da Miloshevich, shugaban Sabiya na lokacin, ya tara jama'a a filin Kosovo ya yi jawabin nan, abin da ya biyo baya a Bosniya da Kosovo kowa ya sani. Ba Lazar ne ya aike su ba, amma da sunansa aka yi ta kaɗa gangar

Ɗan Usmaniyya:
To ku faɗi gaskiya kuma, da Turkawa masu rusa coci ne kamar yadda ake cewa da Ravanitsa ba ta kai yau ba

Malam Na Tudun Wada:
An ƙona ta an washe ta ba sau ɗaya ba, wannan gaskiya ne, an kuma bar su sun gyara sun ci gaba da zama, shi ma gaskiya ne. Har a 1557 zamanin waziri Sokollu Mehmed Pasha, wanda shi kansa asalinsa Basabiye ne daga Bosniya, aka maido musu da kujerar Fatiriyak a Pech. Shekara ɗaruruwa ba a ba da labarinsu da kalma ɗaya ɗana

Injiniya:
Ni akwai inda lissafin Ɗan Fagge bai cika min ba. In gina coci da kyauta ne ke saya wa mutum suna, ai ba Lazar kaɗai ya yi ba, duk hakiman lokacin suna yi. Ina sauran?

Malam Na Tudun Wada:
Madalla da wannan tambaya Injiniya. Ga surukinsa nan Vuk Brankovich, mijin babbar 'yarsa Mara, filin Kosovo ɗin ma a ƙasarsa yake. Shi ma mai kyauta ne ga gidajen Atos, yayansa ma rahibi ne a can. Ya yi yaƙin, ya fita da rai da ragowar mutanensa, kuma ya fi gidan Lazar daɗewa yana ƙin miƙa wuya, a ƙarshe Bayazid ya ƙwace ƙasarsa ya kama shi, ya mutu a tsare a 1397, yayan nasa ya ɗauki gawar ya kai Atos. Amma je ka tambayi Basabiye yau waye Vuk Brankovich, zai ce maka maci amana ne da ya janye dakarunsa ya bar surukinsa. Rubuce-rubucen da aka yi dab da yaƙin ba su ce haka ba, sai bayan shekara 200 zargin ya fito da sunansa a littafi, a 1601

Ɗan Filato:
Kenan kyauta kaɗai ba ta isa ba, Ɗan Fagge jarinka ya karye

Ɗan Fagge:
Bai karye ba sam. Vuk ya ba da kyauta amma a Atos aka binne shi, can nesa a tsibirin da ko mace ba ta shiga, wa zai je ziyara? Lazar ya gina nasa a tsakiyar ƙasarsa, ya bar mata mai wayo da ɗa a kan mulki suna ci gaba da biyan kuɗin kyandir. Kuma shi ya mutu a filin, Vuk ya yi kuskuren fita da rai

Ɗalibi a Belgired:
Atos ba tsibiri ba ne yaya, a haɗe yake da ƙasa, jirgin ruwa dai ake shiga da shi

Ɗan Fagge:
To ko ma mene ne, Maman Hanan dai ba za a bar ta ta shiga ba

Maman Hanan:
Wa ya ce maka ina son zuwa. Ni Olivera nake jira a gaya min, ta dawo gida ko can ta mutu?

Baban Ummi:
Ta dawo. Da Taimur sarkin Samarkand ya kama Bayazid a Ankara a 1402 ita ma an kama ta, Stefan ya tura aka karɓo ta, a 1403 tana gida. Ta yi tsawon rai har bayan 1440, ta riga ta binne Stefan ɗin ma